Jorge Negrete: Wane Gida Mawaƙin Doki Ya Sayar wa Waɗanda Suka Bar Gida?

Duk wanda ya tashi lokacin da silima ke tashe ya san yadda muka raba finafinai. Ɗan Indiya shi ne mai waƙa, kaboyi shi ne mai doki da bindiga. Yawancinmu ba mu san cewa ƙasar Meziko ta daɗe da haɗa biyun a jikin mutum ɗaya ba. Abin da muka sani game da Meziko bai wuce ƙwallo ba, sai finafinan soyayya masu dogon zango da ake sa wa a talabijin. Kwanan nan muka zauna muka kalli biyar daga cikin finafinan Jorge Negrete (su can suna kiran sunan da Horhe), mutumin da ake wa laƙabi da mahayin doki mai waƙa. To, ga abin da muka gani, da daɗinsa da ɗacinsa.

Mahayin dokin Meziko, wanda suke kira charro, ba irin kaboyin Amurka ba ne. Kaboyi makiyayin haya ne, ƙura a fuska, ba gida ba dangi. Shi kuwa charro mutumin ado ne: malafa mai faɗi kamar faifai, 'yar gajeriyar riga mai aiki, matsattsen wando da maɓallan azurfa jere daga ƙugu har idon sawu. In kana son kwatance, ya fi kusa da mahayin hawan sallah. Yana da garinsu, yana da suna, kuma ba ya yarda a taka shi.

An haifi Negrete a Guanajuato ranar 30 ga Nuwamba, 1911. Makarantar soja ya yi, sannan ya koyi waƙa a hannun wani malami mai suna José Pierson. Burinsa shi ne opera, wato waƙar dandamali irin ta Turawa wadda mawaƙi ke cika zaure da muryarsa ba tare da lasifika ba. Har New York ya je neman sa'a, ba ta samu yadda yake so ba. Ya fara fitowa a matsayin jarumi a 1937, amma fim ɗin da ya ɗaga shi sai a 1941: ¡Ay Jalisco, no te rajes!, ma'ana kada Jalisco ta ja da baya, wanda Joselito Rodríguez ya ba da umarni.

Labarin ba wani sabo ba ne. An kashe wa yaro iyaye, ya girma a hannun uban riƙo, ya iya harbi, ya bi makasan ɗaya bayan ɗaya, a hanya ya faɗa son wata yarinya da Gloria Marín ta fito a matsayinta. Kun ga irinsa sau ɗari a fim ɗin Indiya. Abin da ba ku gani ba shi ne lokacin da mutumin nan ya buɗe baki. Wallahi sai ka ajiye abin da ke hannunka. Murya ce mai kauri, mai tsabta, tana fitowa daga ƙirji ba wahala, kuma yana riƙe ta har sai ka fara tausaya wa numfashinsa. Waƙoƙin da Manuel Esperón da Ernesto Cortázar suka tsara masa na karkara ne, amma ya rera su da horon opera. A nan ba mu da ta cewa. Ko ba ka jin Sifaniyanci ko kalma ɗaya, muryar za ta kama ka.

Amma fa murya daban, wasa daban. A matsayin ɗan wasa, fuskar Negrete ɗaya ce: haɓa sama, gira ɗaya a ɗage, murmushin wanda ya san babu kamarsa. Haka yake in yana fushi, haka yake in yana soyayya. A El peñón de las Ánimas na 1943, labarin gabar gidaje biyu da ta cinye masoya, an haɗa shi da wata sabuwar yarinya, María Félix, kuma fim ɗinta na farko ke nan. Fim ɗin ya yi rai ne don ita ma ba ta sunkuyar da kai. Kallon da suke yi wa juna ya fi kama da na 'yan dambe a fage. An san cewa ba su jitu ba a wajen ɗaukar fim ɗin, amma a 1952 sai ga su sun yi aure. In aka ba shi macen da ba ta kai María Félix ƙarfin hali ba, sai ka ga kamar da madubi yake soyayya.

Shi ma shahararren darakta Luis Buñuel bai iya sauya shi ba. Fim ɗinsa na farko a Meziko, Gran Casino na 1947, ya cire Negrete daga gona ya kai shi rijiyoyin mai na Tampico, tare da mawaƙiyar Ajantina Libertad Lamarque. Fim ɗin bai yi kasuwa ba, kuma mun ga dalili. Labari yana cikin tafiya, sai a tsaya a jira waƙa. Waƙa ta ƙare, sai a koma neman inda labari ya tsaya. Wannan ciwo ne da mu ma muka sani a finafinanmu na Hausa: ba waƙar ce laifi ba, laifin shi ne waƙar da ba ta ɗauki labarin ta kai shi gaba ba.

Babban abin da ya tsaya mana a rai kuwa shi ne ƙauyen da finafinan ke nunawa. Ku dubi Allá en el Rancho Grande. Fernando de Fuentes ya fara yin sa a 1936 da Tito Guízar, ya sake yin sa mai launi a 1949 da Negrete. Mai gandu da sarkin gandunsa aminai ne tun yarinta. Mariƙiyar yarinyar da sarkin gandu ke so ta nemi sayar da ita ga mai gandu saboda kuɗi. Mai gandu ya gane budurwar amininsa ce, ya mayar da ita bai taɓa ta ba, aka yi tsegumi, aka wanke ta, aka sha biki. Kowa ya ji daɗi. Babu wanda ya tambaya: da a ce ba budurwar amininsa ba ce fa? Wace irin gona ce wannan da ake iya kai wa maigida 'yar mutane kamar kaza?

Sannan ku dubi shekarun. A 1910 aka fara juyin juya hali a Meziko, kuma ɗaya daga cikin manyan dalilansa shi ne waɗannan gandayen, inda bashi ke ɗaure barori har su bar wa 'ya'yansu gado. A 1936, lokacin da fim ɗin ya fito, shugaba Lázaro Cárdenas yana tsaka da karɓe filayen gandaye yana raba wa manoma. Wato a waje ana rushe gandu, a cikin silima ana yi masa kirari. Barorin fim ɗin ba sa yunwa, ba sa bashi, aikinsu kiɗa da dariya. Ko da Negrete ya fito a matsayin sarkin gandu, tafiyarsa ta mai gandu ce. Ba za ka taɓa yarda cewa hannun nan ya riƙe fartanya ba.

To, su wa ke biyan kuɗin ƙofa? Da yawansu waɗanda suka baro ƙauyen ne. Mutanen babban birnin Meziko sun tashi daga wajen miliyan 1.8 a 1940 zuwa sama da miliyan 3 a 1950. Daga 1942 kuma aka fara kwasar 'yan ƙodago zuwa gonakin Amurka a ƙarƙashin shirin Bracero, wanda ya kai har 1964. Mutum ya wuni yana dako ko tsinkar auduga a garin da ba a san sunan ubansa ba, da dare ya shiga silima a nuna masa garinsu: ga doki, ga kiɗan mariachi, ga namiji mai faɗa a ji. An share masa dalilin da ya sa ya baro garin, an bar masa kewar kawai. Mu da ke zaman kurmi ba sai an fassara mana wannan ba. Mun san yadda gida ke ƙara kyau a baki gwargwadon daɗewar mutum bai je ba. Ba mu ga laifin mai kallo ba, gajiya ce ta kai shi. Amma masu shirya fim sun san abin da suka ɓoye.

Abin mamaki, a bayan kyamara Negrete ya san zafin ma'aikaci. Yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ƙwadagon masu shirya fim a 1945, tare da ɗan barkwanci Cantinflas da mai ɗaukar hoto Gabriel Figueroa, kuma ya shugabanci ƙungiyar 'yan wasa ta ƙasa, ANDA. Mutumin da ya yi ta ja-in-ja da masu jari kan haƙƙin 'yan wasa, shi ne finafinansa ke cewa tsakanin maigida da bara sai alheri. Da ya kawo rabin wancan faɗan cikin fim, da yanzu wata maganar muke yi.

Fim ɗin da muka fi yabawa shi ne Dos tipos de cuidado na 1953, na darakta Ismael Rodríguez, inda aka haɗa shi da Pedro Infante. Sunan Negrete a ciki Jorge Bueno, wato Nagari, na Infante kuma Pedro Malo, wato Mugu. Jorge ya yi tafiya, ya dawo ya tarar amininsa ya aure masa budurwa, Rosario. Ya hau dokin zuciya, ya yi ta ci masa mutunci, shi kuwa Pedro ya yi ta shanyewa. Ashe fyaɗe aka yi wa yarinyar ta samu ciki, Pedro ya aure ta don ya rufa mata asiri. A nan ne kaɗai muka ga an sa girman kan Negrete a sikeli: Nagarin ne mai gaggawar hukunci, Mugun ne mai haƙuri. Wurin da suka tsaya gaban jama'a suna jifan juna da baitocin habaici shi ne misalin waƙar da ke aiki, domin kowane baiti yana ƙara wa rigimar wuta. Infante yana wasa da fuska da kafaɗa, Negrete yana tsaye ƙyam kamar turke, kuma karon farko tsayuwar tasa ta zama abin dariyar da labarin ke bukata. Sai dai ko a nan, Rosario da abin ya faru a kanta ita ce mafi ƙarancin magana. Maza biyu ne ke ta lissafin mutuncinsu a kan ciwonta.

Negrete ya rasu ranar 5 ga Disamba, 1953, a Los Angeles, da ciwon hanta, yana da shekara 42, bayan ya yi finafinai sama da arba'in. Waƙar da aka fi tuna shi da ita, México lindo y querido ta Chucho Monge, roƙo ne na mutumin da ke tsoron mutuwa a ƙasar wasu, yana so a mayar da shi gida. Haka kuwa aka yi masa: aka ɗauko gawarsa a jirgi, jama'a suka cika titunan birnin Meziko. Mu da muka sha tattaunawa a ƙofar gida kan ko a binne mamaci a nan ko a nemi mota zuwa arewa, mun gane dalilin da ya sa wannan waƙa ta fi finafinansa daɗewa. A cikinta ba gandu ba maigida, sai baƙo da fargabarsa.

Wanda ke da lokacin fim ɗaya kawai, ya nemi Dos tipos de cuidado. Wanda ke da na biyu, ya ƙara da Rancho Grande, amma ya riƙa kallon barorin da ke tsaye a bayan jarumi, waɗanda ba a ba su ko baiti ɗaya su faɗi nasu ba.