Biyer-sheba da Kusugu: Gyara ga Wani Wa'azi

A wata sujada a Kongolam, bakin iyakarmu da Nijar, mun ji wani ɗan'uwa yana koyarwa cewa Biyer-sheba ma'anarta "rijiyar bakwai", don haka rijiyar Kusugu ta Daura da Hausa Bakwai inuwarta ce. Jama'a sun ji daɗi. Mu kam mun koma gida da nauyi a zuciya.

Rabin maganarsa daidai ne. A Ibraniyanci "be'er" rijiya ce, "sheba" kuwa bakwai. Ko "saba'in" da muke ƙirga kuɗi da ita a kasuwa, wadda muka aro daga Larabci, danginta ce. Amma daga wannan saiwa ɗin kalmar rantsuwa ta fito, kuma Farawa 21:22-34 ta riƙe ma'anonin biyu tare: Ibrahim ya ware 'yan tumaki mata bakwai domin shaida cewa shi ya haƙa rijiyar, sa'an nan shi da Abimelek suka rantse wa juna. A Farawa 26 Ishaku ya sake yin alkawari da mutanen Gerar, a ranar ne bayinsa suka sami ruwa. Waɗanda suka fassara Farawa zuwa Helenanci ma "rijiyar rantsuwa" suka zaɓa. Bakwai ɗin na tumakin shaida ne, ba na 'ya'ya ko garuruwa ba. Labarin Bayajidda da macijin Kusugu tarihin mutanen Daura ne, muna girmama shi a matsayinsa, amma "bakwai" kalmar Hausa ce, daidaituwar lamba kuma ba ta ƙulla zumunci.

Abin da ya fi damunmu shi ne abin da wa'azin ya zubar. Nassin yana maganar baƙo makiyayi da mai ƙasa da suka yi rikici kan rijiya, suka sasanta a gaban shaidu. Wane fasto ne a ƙasar Daura bai san irin wannan rigima tsakanin manoma da makiyaya ba? Ga abinci a akushi, aka bar shi aka bi ƙanshi.

Ɗan'uwan ya kuma ce rijiyar tana da albarka ta musamman. Amos 5:5 ya hana Isra'ila zuwa Biyer-sheba neman Allah, Yosiya kuma ya ƙazantar da masujadan tuddai har can, bisa ga 2 Sarakuna 23:8. A 1973 ma'aikatan Yohanan Aharoni sun tono duwatsun wani bagade mai ƙahoni a tudun Biyer-sheba. An riga an rushe shi tun dā, an gina bangon rumbu da duwatsunsa.