«Farar wuta» da «ƙonawa»: gazawar fassara kalma da kalma

Tun daga ƙamus na Bargery (1934), farar wuta ce sunan da aka tsayar wa abin da Faransanci ke kira *soufre*. A kasuwar Gazawa ko ta Gidan Rumji fassarar ba ta da aibi: dunƙule ne mai ruwan ɗorawa, a daka shi da mai a shafa wa ƙazuwa, maharba kuma su sa shi cikin albarushi. Amma da an shiga darasin kimiyya sai ta gaza.

Mu ɗauki *schiste bitumineux*, watau dutsen da ake tatsar mai daga cikinsa a Estoniya, akwai shi kuma a Timahdit ta ƙasar Maroko. Mai bin Faransanci sau da ƙafa zai ce «dutsen kwalta», alhali ba kwalta ke ciki ba, kerojin ne, wanda sai ya ji zafin wajen digiri 500 yake zama mai. Farar wutar dutsen ma ba dunƙule ba ce: wata tana haɗe da ƙarfe, ita ce pirit, wata tana cikin kerojin. Ɗalibin da ya fasa dutsen bai ga ruwan ɗorawa ba zai ɗauka malam ya yi kure. Gara a ce masa «sinadarin farar wuta».

A ganinmu, laifin da ya fi girma yana wajen aikatau. *Pyrolyse* da *combustion* duka ana mayar da su «ƙonawa», alhali bambancinsu ne ke yanke inda sinadarin zai tafi. Idan an gasa dutsen a rufe, ba iska, wani kashi yana fita cikin hayaƙi mai warin baragurbi (H₂S), wani ya bi man ya rage masa daraja, saura ya zauna cikin gawayin dutsen. Idan kuwa an ƙona shi da iska, SO₂ ake samu, farar ƙasar da ke jikin dutsen ta kama mai yawa, ya zauna cikin toka. Jimlar «an ƙona dutsen» ba ta gaya wa mai karatu ko a mai zai nemi sinadarin, ko a toka.

Abin mamaki, maƙeran ƙasar Agye sun daɗe da sanin wannan: icen ƙirya da aka rufe da ƙasa gawayi yake bayarwa, wanda aka bari a fili kuwa toka. Daga sana'arsu muke ba da shawarar «gashin rufe» ga *pyrolyse*, a bar «ƙonawa» ga *combustion* kaɗai.