Guduma, Tocila da Makullin Mota

Kawuna ya wayi gari bakinsa ya karkace hagu. Ya kurɓi ruwan alwala ya ga yana zubowa ta gefen dama, idon dama kuma ya ƙi rufuwa. Kafin hantsi gida ya rabu biyu, masu cewa iska ce ta shafe shi da masu cewa shanyewar ɓarin jiki ce ta yi sallama. Ni na kai shi asibiti, na zauna a gefe ina riƙe da hularsa, na kalli aikin da har yau bai fita raina ba.

Likitar ta fara aiki tun kafin mu zauna. Daga baya na gane cewa tsayuwar da ta yi tana amsa gaisuwa, tafiyarsa take karantawa: ko yana jan ƙafa, ko hannu ɗaya ya daina lilo. Kayan aikinta duka aljihun riga ya ɗauke su. Akwai 'yar guduma mai kan roba, da tocila, da auduga, da wani ƙarfe mai reshe biyu kamar gwafa.

Bahaushe ya haɗa abubuwa uku a kalmar jijiya: ta jini, da agara mai ɗaure tsoka da ƙashi, da kuma farin zaren da ke ɗaukar saƙo. Wannan ta ukun ita take bi. Daga ƙwaƙwalwa jijiyoyi 12 ne ke fitowa a kowane ɓari, daga cikinsu akwai na ƙanshi da gani da ji da ɗanɗano da motsin fuska. Daga laka, wadda ta bi ta cikin ƙashin baya, 31 ne a kowane ɓari. Wanda ya haddace hanyoyinsu kamar yadda tsohon direba ya san mararraba, tambayarsa ta farko ita ce a ina hanya ta yanke. Me ya yanke ta, wannan sai daga baya.

Ta rage hasken ɗaki, ta kawo tocila daga gefe ta haska idon dama, amma idon hagu take kallo. Baƙin ɗigon tsakiyar ido ƙofa ce, haske na shiga sai ta tsuke. Jijiya ta biyu ke kai labarin hasken, ta uku ke dawo da umarnin tsukewa, kuma umarnin ido biyu yake zuwa wa a tare. Idan an haska ɗaya, ɗayan ya ƙi amsawa, an san inda za a nema. Na Kawu duka suka tsuke.

"Baba, ɗaga mini gira sama, kamar ka ga abin mamaki."

Ya ɗaga. Goshin hagu ya yi layi-layi, na dama ya zauna sumul kamar an goge shi. Na tsorata, ita kuwa sai na ga kafaɗarta ta sauka. A nan ilimin yake ɓoye. Tsokar goshi tana karɓar umarni daga ɓari biyu na ƙwaƙwalwa, ta baki kuwa daga ɓari ɗaya kawai, na ɗaya gefen. Saboda haka idan jini ya toshe a ɓarin ƙwaƙwalwa, baki yakan karkace amma goshi ya ci gaba da motsi, don ɗaya ɓarin na tallafa masa. Idan kuwa goshi da ido da baki suka mutu tare, galibi jijiya ta bakwai ce da kanta ta kumbura a cikin matsattsen ramin ƙashin da take bi ta wajen kunne. Charles Bell, wani likitan Sikotilan, ya bayyana aikin wannan jijiya a 1821, kuma da sunansa likitoci ke kiran ciwon.

Wani da ya ga haka, takarda zai jawo. Na sha ganin inda ake rubuta wa mara lafiya hoton ƙwaƙwalwa na kuɗi masu yawa alhali ko takalminsa ba a ce ya cire ba. Ita ba ta yarda da shaida ɗaya ba. Ta sa ya miƙa hannuwa, tafi na kallon sama, ya rufe ido iya iyawarsa, ta jira tana ƙirgawa a zuci. Hannun da ƙwaƙwalwa ta fara saki yakan sulale ƙasa yana kifewa, mai shi bai sani ba. Nasa suka tsaya cak.

Sai guduma. Riƙonta ma abin kallo ne: da yatsa biyu, sako-sako, daga can ƙarshen mariƙi, ta bar nauyin kan ya faɗi da kansa a kan agarar da ke ƙasan ƙoƙon gwiwa. Bugun yana ɗan jan tsokar cinya, wasu ƙananan ma'aunai a cikinta su ji an ja su, saƙo ya ruga laka a daidai ƙugu ya juyo nan take, bai jira ƙwaƙwalwa ba, ƙafa ta yi harbi. Likitocin Jamus biyu, Erb da Westphal, suka rubuta wannan a 1875. Harbi mai yawa yana nuna ƙwaƙwalwa ta saki linzami, matsalar tana sama. Rashin harbi kuma yana nuna hanyar ce ta yanke a ƙasa, kamar yadda ake gani a ƙafar da shan inna ta taɓa. Kawu ya ƙanƙame jiki don kunya, ƙafar ta ƙi motsi. Ba ta ƙara ƙarfin bugu ba. Ta ce ya sarƙe yatsun hannuwansa ya ja da ƙarfi, hankalinsa na komawa can ta sake bugawa, ƙafar ta amsa.

Ta zaro makullin motarta, ta ja bakinsa a tafin ƙafarsa daga diddige, ta gefen waje, ta lanƙwaso zuwa gindin yatsu. Babban yatsa ya lanƙwashe ƙasa, yadda ake so. Da sama ya miƙe, da alama ce ta rauni a ƙwaƙwalwa ko laka, abin da Babinski ya nuna a Faris a 1896. Jarirai kaɗai ake yi wa uzuri, don hanyar ba ta gama nuna ba a jikinsu.

Na ɗauka an gama, sai ta buga ƙarfen nan mai reshe biyu a tafin hannunta. Sau 128 yake kaɗawa a daƙiƙa. Ta ɗora gindinsa a ƙashin babban yatsan ƙafa.

"Baba, kana jin zirrr?"

"Ban ji komai ba, 'yata."

A idon sawu ya ji kaɗan, a gwiwa ya ji sosai. Ɗaya ƙafar ma haka. Ciwon suga da ya daɗe da shi ya fara cin jijiyoyi mafi tsawo daga ƙarshensu, a hankali, kamar ana sa masa safa. Ba wannan ya kawo mu ba, kuma da ba ta durƙusa har ƙasa ba, da ƙila sai ƙaya ta zama gyambo za a sani.

Ta rubuta maganin kumburin jijiya, ta ce gara da muka zo cikin kwana uku na farko, kuma yawanci fuska na dawowa cikin makonni ko 'yan watanni. Ta nuna mini yadda zan ɗiga masa magani a idon da ba ya rufuwa, in manne fatar da filasta in zai kwanta. Sannan ta miƙa masa takalmansa, ta ce kullum kafin ya sa, ya zura hannu ya laluba ciki.