Dokin Laka da Jarumin Roba: Nazarin Gini da Fentin 'Yan Mutum-mutumin Wasa

Ginin 'yan mutum-mutumin wasa fasaha ce ta yara a ƙasar Hausa, wadda ƙane ke ɗauka daga hannun wansa ba tare da malami ba. A ƙasar Birnin Gwari, yammacin Jihar Kaduna, kayan aikinta a bakin ƙofa suke. Yanki ne na noma da kiwo, mai fadamu da rafuka, ga dajin Kamuku da aka keɓe tun 1936, aka mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999. Hausawa da Gwari da Kamukawa da Fulani suna zaune tare, matan Gwari kuwa sun yi suna a ginin tukwane, saboda haka yaron karkara yakan tashi da sanin yumɓu mai danƙo da wanda zai tsage.

Aikin yana bin lokutan shekara. Da damina da farkon kaka, sa'ad da ƙasa ke da laima, ake ɗebo laka daga fadama ko bakin rafi, a tsince tsakuwa, a cuɗa ta har ta daina manne wa hannu. Sa ne aka fi fara ginawa, domin tozo da ƙaho kaɗai sun isa a gane shi. Doki ya fi wuya: wuyansa dogo ne, ƙafafunsa sirara, sai an soka tsinke a ciki kafin su ɗauki nauyin jiki. A inuwa ake shanyawa, don rana tana busar da waje ta bar ciki ɗanye, abin ya fashe. Mai son nasa ya daɗe yakan binne shi cikin tokar murhu mai zafi. Bayan girbi kuma kara ya karɓi aiki: a feƙe ɓawonsa a yi ƙafafu da māsu, a yanka tsokar cikinsa mai laushi a yi gangar jiki.

Launi ne ke ba abin da aka gina suna da matsayi. Dokin laka tsirara kowane doki ne, amma da an shafa masa farar ƙasa a goshi da ƙafafu, an ɗora masa ƙyallen da tela ya zubar a matsayin jalala, an naɗa wa mahayinsa farin zare, ya zama dokin sarki. Ja da kore na dogari ne. Baƙi daga gawayi yake fitowa ko daga tawadar allo, ja daga jar ƙasa ko karan dafi irin na dukawa, shuɗi daga bular wanki, ƙaro kuma shi ke riƙe launin kada ya goge. Yaron da ya san waɗannan ya karanta hawan sallah da idonsa: ya san wa ke gaba, wa ke riƙe laima, ina 'yan lifida suke tsayawa. Daga nan wasa ke samun doka. Akan jera ayarin sarki bisa tsari, ko a kafa garke da turke, ko a haɗa bijimai karo, wanda ƙahonsa ya karye ya fita.

Wannan aiki da launi ke yi yana nan kuma a wasannin yaƙi na kan tebur a Turai. A 1824 rundunar Furushiya ta karɓi wani wasan horar da hafsoshi da ake yi a kan taswira, inda ja da shuɗi ke raba ɓangarorin biyu. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin dokokin wasa da sojojin dalma, abin ya shiga gidaje. Kamfanin Games Workshop, wanda aka kafa a Landan a 1975 kuma yake zaune a Nottingham yanzu, ya fito da wasan Warhammer a 1983, ya kuma soma gasar fenti ta Golden Demon a 1987. Jaruman littattafan zane na Amurka sun biyo baya: HeroClix ya zo a 2002 da 'yan jarumai fentattu tun daga masana'anta, Marvel: Crisis Protocol kuma ya zo a 2019 da gutsattsarin roba mai ruwan toka, mai saye ne zai harhaɗa ya fenta. Tsayin jarumi ɗaya bai fi yatsa ba, kusan milimita 40.

Fentin irin waɗannan yana da matakai sanannu. Ana kankare zanen da mazubi ya bari, a fesa shafen farko don fenti ya kama. Sai a shimfiɗa launin asali da fenti mai narkewa a ruwa, a tsinka shi a shafa sau biyu, domin mai kauri yana toshe ido da baki. Bayan haka a zuba ruwan fenti mai duhu ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa, a bi tudun tsoka da bakin mayafi da launi mai haske, a rufe da man kariya saboda yawan taɓawa. Dalilin duk wannan shi ne hasken ɗaki ba ya yin inuwa sosai a jikin abu ƙarami, dole mai fenti ya zana hasken da hannunsa. Jarumin littafin zane ya fi soja wahala, don tufarsa sumul take, babu sulke ko ɗamara da za su ɓoye kuskure. Launukansa kuma gado ne: na'urar ɗab'i mai arha ta zamanin da Superman ya bayyana a 1938 ta fi iya fitar da ja da shuɗi da rawaya, sai suka zama na jarumai, kore da shunayya suka yawaita a jikin miyagu. Mai fenti ba ya kauce musu sosai, kamar yadda yaro ba ya sa wa dogari shuɗi.

Bambancin al'adun biyu yana wajen mallaka da adanawa. Mai fentin Turai sayen siffa yake yi, da fenti, da labarin jarumin, hannunsa kaɗai ne nasa. Yaron Birnin Gwari shi ne magini, shi ne marini, shi ne mai dokar wasa, bai kashe ko kwabo ba. Sai dai na farko yana da gasa da mujallu da akwatin gilashi, na biyu kuwa aikinsa yakan narke da ruwan farko, ba wanda ya rubuta sunan gwani. Akwai kuma ƙyamar mutum-mutumi da ke sa manya janye hannu, ko da yake malaman fiƙihu da dama sun keɓe kayan wasan yara daga hani, bisa hadisin 'yan tsanar Nana A'isha da dokinta mai fukafukai.

Abubuwa biyu suka raunana fasahar a yankin. Na farko kayan wasan roba masu arha da wayar hannu. Na biyu, wanda ya fi ciwo, shekarun satar shanu da garkuwa da mutane, da suka tashi ƙauyuka, suka kwashe garkunan da yara ke kwaikwayo, suka sa zuwa fadama ya zama kasada. An sake buɗe kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari a ƙarshen 2024 bayan sulhu da 'yan bindiga. Inda zama ya dawo, farfaɗo da wannan aiki ba ya bukatar kuɗi: darasin aikin hannu na firamare ya isa ya karɓe shi, a koya wa yara haɗa launi da ƙaro da gasa yumɓu, a ɗauki hoton abin da suka gina, a rubuta dokokin wasanninsu daga bakin dattawan da suka yi su.