Darasin da ke Bayan Katangar Makaranta: Nazari kan Koyar da Muhalli a Ƙasar Gawo

Tun 1975, ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itatuwa a Nijar. Ana haƙa ramuka, manya su dasa, yara su yi waƙa, a watse. A wurare da dama, iyakar abin da ɗalibi ke taɓawa da hannunsa na ilimin muhalli ke nan a shekara, kuma ranar tana faɗowa ne cikin babban hutu. Sauran darasin yana kan allo, galibi cikin Faransanci: kwararowar hamada, zaizayar ƙasa, kalmomin da ake haddacewa domin jarrabawa.

Idan kuma aka yi maganar fita da yara, sai hankali ya tafi nesa: gidan tarihi na Boubou Hama a Yamai, ko raƙuman dawa na Kure. Waɗannan wurare suna da daraja, amma tafiya ce mai bukatar mota da kuɗi. Abin da ya fi muni, tana koya wa yaro cewa halitta abar kallo ce da ke garin wasu.

Alhali ɗalibin Tsauni, kusa da Matamaye a jihar Damagaram, yana zaune ne a tsakiyar abin da masanan duniya ke zuwa nazari. Bayan farin 1973 da na 1984, manoman wannan yanki sun koma barin tohon itatuwa a gonakinsu, suna rage rassa su bar masu ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. Binciken Larwanou da Abdoulaye da Reij na 2006 ya kiyasta cewa aikin ya mamaye kusan hekta miliyan ɗaya a Magarya da Matamaye da Mirya. Ba a dasa yawancin waɗannan itatuwa ba, reno aka yi. A 2018 Tony Rinaudo, wanda ya yaɗa dabarar a Maraɗi tun 1983, ya samu lambar yabo ta Right Livelihood. Manomin da ya yi aikin kuwa, ba kasafai ake gayyatarsa aji ba.

Gawo kaɗai ya isa darasin shekara guda. Yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Yana tohowa da rani, dabbobi su sami inuwa da ƴaƴansa, su bar taki a gindinsa. Malamin da ya kai yara gona sau biyu, da kaka da kuma bazara, ya sa su gwada zangarniyar gindin gawo da ta fili, su ƙirga itatuwa, su rubuta sunayen kalgo da aduwa da magarya da amfaninsu, ya haɗa lissafi da kimiyya da harshe a fita ɗaya. Har tarihi yana ciki: ana ba da labarin cewa a ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimun ya hana saran gawo, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta amince da haƙƙin manomi a kan itatuwan da ya rena.

Sai dai fitar ma tana da tarkonta. Idan jagora ya tsaya yana jawabi, yara sun yi layi sun yi tsit, an ɗauko aji ne kawai an ajiye a rana. Dole ɗalibi ya taɓa, ya tambaya, ya yi gardama. Dole kuma a faɗa masa abin da ba ya da daɗi: satar itace, saɓanin manomi da makiyayi kan sassake rassa, ƙarancin gonaki.

A nan ƙungiyoyin al'adu ke da aiki. Su ne suka san dattijon da ya ga gonar tana fili, da tsohuwar da ta san ganyen miya da na magani. Waɗannan mutane ba za su dawwama ba. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yaron da ya tashi bai san dalilin da kakansa ya bar gawo a gona ba, ba shi da dalilin hana gatari.