Madubin Saiti Ya Fi Bindigar Nauyi

Wata ranar Lahadi ɗan yayata ya biyo ni filin harbin da nake zuwa a bayan garin da muke zaune, nan Ingila, bakinsa har kunne. Ya zuge jaka ya fito da bindigar iska mai sifirin, irin wadda ake karya bututunta a ɗana, a kanta kuwa an ɗora wani shirgegen madubin saiti, tsawonsa ya kusa kamu guda. A jikinsa an rubuta 6-24x50. Ya ce, "Kawu, da wannan ko ƙuda ne a yadi hamsin sai na ga idonsa."

Ya kwanta ya murɗa shi zuwa 24, ya auna takardar da muka kafa a yadi 15. Shiru. Can ya ɗago ya ce komai dishi-dishi yake gani, kuma alamar saitin sai rawa take kamar ana kaɗa ta. Kafin wata biyu su cika ya dawo mini da madubin. Giciyen da ke ciki ya karkace, idan ka girgiza shi kusa da kunne sai ka ji wani abu yana ƙaras-ƙaras. Kuɗin da ya tara na wata da watanni ke nan.

Ba shi kaɗai ba ne, shi ya sa nake wannan rubutu. Yayi ne ya shigo, kuma ina ganin yana cutar sababbin shiga. Bidiyon YouTube ya cika da masu harbi a mita ɗaruruwa, kowa da madubi kamar tulu, sai matasa suka ɗauka girman gilashi shi ne gwaninta. Masu sayarwa sun gane haka, suna ta buga manyan lambobi a kwali. Ni kuwa abin da na yi imani da shi shi ne, bindigar iska tana da halinta, madubin da bai dace da halin nan ba asara ne ko nawa aka saye shi.

A fara da abin da ya kashe madubin yaron. Bindigar albarushi baya take tokarar mutum, shi ya sa ake ɗaure gilasan madubinta yadda za su jure bugu ta wannan fuskar. Mai sifirin ba haka take ba. Kana jan kunama sifirin zai saki fistin ya ruga gaba, bindigar ta ja baya. Fistin ɗin ya daki iskar da ya matse a ƙarshen hanyarsa, bindigar ta fizgo gaba. Bugu biyu ke nan, kowanne da inda ya nufa, ga karkarwar sifirin a kai, duk cikin ƙiftawar ido. Wannan fizgar ta gaba ita ke kwance gilasai. Madubin da zai shekara goma kan bindigar farautar barewa yana iya wargajewa kan bindigar da ake harbin gwangwani da ita. Saboda haka tambayar farko ga mai kanti ba "nawa yake kusantarwa?" ba ce, ita ce "an yi shi don mai sifirin?" Masu bindiga mai tankin iska, wadda ake cikawa da famfo har wajen ma'aunin bar 200, sun huta da wannan, don tasu kusan ba ta motsi. Amma masu Weihrauch HW97, ko Air Arms TX200, ko Diana da Gamo da Hatsan masu karyawa, dole su tsaya su tambaya.

Wannan bugun dai shi ne ke sa madubi ya riƙa jan jiki baya a kan layin da aka maƙala shi, mai faɗin milimita 11. Kaɗan-kaɗan yake tafiya, sai ka ga saitin jiya ba shi ne na yau ba. Maganinsa maƙali guda mai haɗe, da 'yar ƙusar tsaida shi da ke shiga ramin da ke saman bindigar. Mutane suna kashe maƙudan kuɗi kan madubi, su zo kan maƙali su nemi mafi araha. Araha kuwa ba ta ado.

Sai dishi-dishin nan, wanda a gare ni ya fi komai muhimmanci. Yawancin madubin manyan bindigogi an saita su tun daga masana'anta su nuna abu tangaran a yadi 100. Mu kuwa harbinmu tsakanin yadi 10 ne zuwa 50. Idan nisan da aka saita madubi bai yi daidai da nisan abin harbi ba, hoton abin da giciyen ba sa zama wuri ɗaya a cikin bututun. Gwada ka gani: kafa bindiga kan buhun yashi, kada ka taɓa ta, ka motsa kanka hagu da dama kana leƙe. Za ka ga giciyen yana yawo a kan takarda alhali bindigar ba ta motsa ba. Ma'ana, duk lokacin da kuncinka ya sauka wani wuri dabam, ƙwayar dalma ma wani wuri dabam za ta sauka, kai kuma kana ta zargin hannunka. Madubin bindigar iska na ƙwarai yana da zobe a gaba ko dunƙule a gefe da za a murɗa har ya sauko yadi 10. Ƙaramin madubi mai wannan zoben ya fi ƙaton da ba shi da shi, nesa ba kusa ba.

Lambobin da ke kwali ma akwai lissafin da ba a gaya wa mai saye. Raba faɗin gilashin gaba da yawan kusantarwa, abin da ya fito shi ne faɗin hasken da ke isa idonka. Madubi mai 4x32 yana ba ka milimita 8. Mai 3-9x40, ko an ƙure shi, yana ba ka sama da 4. Na ɗan yayata a 24 bai wuce 2 da ɗigo ba. Da almuru, ko cikin rumbun gona inda ake farautar ɓeraye, wannan duhu ne, kuma kai ya ɗan goce hoton ya ɗauke gaba ɗaya. Ga shi ba abin harbi kaɗai yake kusantowa ba, har numfashinka da bugun zuciyarka yana ninkawa sau 24. Ga nauyi. Ga gilashin gaba mai faɗi da ke tilasta maƙali mai tsawo, kunci ya rabu da katakon bindiga, mutum ya koma leƙe kamar mai leƙen katanga.

Na san abin da za a ce mini: to su 'yan gasar Field Target fa, da madubansu ke kaiwa 40 ko 50? Gaskiya ne, kuma ina girmama su. Wasan nan a Ingila ya fara a farkon shekarun 1980, ana harbin dabbobin ƙarfe masu rami a jiki, mafi faɗinsa kamar milimita 40, har zuwa yadi 55, kuma ba a gaya maka nisan. Su madubin awo suke da shi. Suna juya wani faifai babba a gefe har hoton ya fito tangaran, su karanta nisan a jikin faifan, su murɗa saiti, sannan su harba, galibi a zaune, cikin natsuwa. Girman yana da aikin yi. Amma dubi ƙanin wasan, Hunter Field Target, inda doka ta hana taɓa madubi da zarar an fara zagaye: mafi yawan gwanayensa a wajen 10 suke tsayawa, da ƙananan gilasai, don su ga na kusa da na nesa ba tare da murɗe-murɗe ba. A gasar Olamfik kuwa, harbin mita 10, babu madubin kusantarwa ko kaɗan, kuma tsakiyar abin harbin ɗigo ne mai faɗin rabin milimita. Daidai ruwa daidai tsaki. Wanda ya ari madubin ɗan gasa bai ari dalilinsa ba, kaya kawai ya ɗauka.

Abin da ya kamata sabon shiga ya sa wa ido shi ne zanen cikin madubin. Ƙwayar dalma ba ta tafiya a miƙe, lanƙwasa take kamar jifan gwafa. A Ingila ƙarfin bindigar iska da ba ta bukatar takardar izinin babbar bindiga bai wuce jul 16 da 'yan kai ba. A Jamus 7.5 ne. Da ƙarfin na Ingila, ƙwaya mai faɗin milimita 5.5 tana fita da gudun kamar mita 175 a daƙiƙa. Kafin ta kai mita 45 ta ci fiye da rubu'in daƙiƙa, ta kuma zube sama da santimita 30 daga layin bututu. Don haka ɗige-ɗigen da ke ƙasan giciye su ne abokan aiki. Sai dai a yawancin maduban nan tazarar ɗigon tana canza ma'ana idan ka canza kusantarwa, shi ya sa nake ce wa yara su zaɓi lamba ɗaya su zauna a kanta.

Wannan ba batun cin maki kaɗai ba ne. Mai harbin zomo ko tantabara a gona yana auna wuri ne da bai fi kwabo ba. In ya kuskure da kaɗan, dabba ta tafi da rauni ta mutu a wahale, kuma alhakin yana wuyansa.

Ɗan yayata ya sake tara kuɗi, muka je tare ya sayi 3-9x40 mai zobe a gaba, wanda aka yi don mai sifirin, da maƙali mai ƙusa. Muka kafa takardu a yadi 10, 20, 30 da 40, ya bar madubin a 6, ya harba biyar-biyar, yana rubuta ɗigon da kowane nisa ke so a wata 'yar takarda. Ya manna ta da salatif a gindin bindigar. Da muka je cire takardar yadi 30, ya ɗora babban yatsansa kan ramukan biyar ɗin, duk suka ɓuya, ya ce, "Kawu, a kafa wata a 45."