Matar da Ba Mu Ga Fuskarta Ba: Sake Kallon Tom da Jerry

Duk wanda ya tashi a gidan da ke da talabijin cikin shekarun 2000, da wuya a ce bai san muzurun nan mai launin toka da ɗan ɓeran da ke gana masa azaba ba. A unguwarmu faifan sidi ɗaya ne ke zaga gidaje, duk ya karce, kuma ranar da ya kwana a gidanmu yara kan cika ɗaki har bakin ƙofa, ana addu'ar kada a ɗauke wuta. Ba ma jin Turanci, Tom da Jerry kuwa ba su nemi mu ji ba. A yau, da zarar sa'o'ina sun haɗu an ambaci wannan katun, sai fuskoki su saki, kowa yana rantsuwa ba a sake yin irinsa ba. Na yarda da rabin maganar. Ɗaya rabin ne ya sa na ɗauki alƙalami, domin kewa, duk da zaƙinta, ba ta iya nazari ba. Takan adana daɗin da muka ji, ta bar abin da muka kalla ya zube a hanya.

Bari in fara biyan bashi. William Hanna da Joseph Barbera sun shirya gajerun finafinai 114 na Tom da Jerry a kamfanin MGM na Amurka tsakanin 1940 da 1958, bakwai daga ciki suka ci kyautar Oscar. Don gidajen silima aka yi su, inda manya ke zaune suna jiran babban fim, shi ya sa ba a yi musu aikin ganin dama ba. Kiɗan da Scott Bradley ya tsara shi ne harshen labarin: sanɗar Tom tana da sautinta, faɗuwarsa daga bene tana da nata. A The Cat Concerto, muzurun yana kaɗa fiyano a gaban jama'a, ɓeran yana cikin cikin fiyanon yana ɓata masa lissafi, amma kiɗan Franz Liszt bai tsaya ba har ƙarshe, faɗan ne ma yake tura shi gaba. Yaron da ya san kalangu yana magana ba ya buƙatar tafinta a nan. Wannan gwaninta ce ta gaske, kuma shekaru ba su rage mata komai ba.

Da kunnen tatsuniya muka karɓi labarin. Jerry shi ne Gizonmu, ƙaramin da ke kayar da babba da wayo, don haka muka ba shi goyon baya ba tare da an roƙe mu ba. Sai dai mun yi gaggawa. Gizo na tatsuniya yakan sha dukan kwaɗayinsa, a kama shi, ya ji kunya a gaban sarki ko a gaban Ƙoƙi, kuma ko rufe tatsuniyar ma a kan kan ɗan ɓera ake yi. Jerry kuwa ba kasafai yake biyan kuɗin ɓarnarsa ba. Sau da yawa shi ne mai tsokana, Tom yana barcinsa.

Da na sake zama na kalli finafinan a jere bayan na girma, Tom ya rikiɗe mini. Ashe ma'aikaci ne. Tun a fim na farko, Puss Gets the Boot na 1940, lokacin ana kiransa Jasper, sharaɗin zamansa a gidan a fili yake: ya sake fasa wani abu, a kore shi. Ɓeran ya gane haka, ya mai da kayan fashi makaminsa, har aka jefa muzurun waje. A Old Rockin' Chair Tom na 1948 an kawo matashin muzuru ya gaje shi don an ce ya tsufa. A Push-Button Kitty na 1952 na'ura aka sayo ta karɓe masa aiki. Wanda ya taɓa yawo da takardunsa cikin ambulan daga ofis zuwa ofis ba zai yi wa wannan dariya irin ta dā ba.

Amma wa ke korarsa? A nan kewa ta fi yi mana rufa-rufa. Na tambayi abokai da dama, kusan duk sun manta akwai mutum a gidan, sai da na ce musu silifas da tsintsiya. Mace ce baƙar fata, mai jiki, wadda ake nuna ta daga ƙafa zuwa kafaɗa a yanke sauran. Tana daka wa Tom tsawa, ɓera ya fito ta ɗare kujera tana kururuwa, ta yi ta ɗage siket bisa siket. Lillian Randolph, 'yar wasa baƙar fata, ita ta ba ta murya, aka kuma rubuta mata karyayyen Turanci na ba'a. Daga baya aka san ta da laƙabin Mammy Two Shoes. Siffarta tsohon zubi ne a al'adar Amurka, na baiwa ko 'yar aikin gidan Bature wadda aka zana don a yi mata dariya, kuma an zana ta a zamanin da dokokin jihohin kudancin ƙasar suka raba baƙi da farare a makaranta da mota da gidan silima. Ba ita kaɗai ba ce. A wasu finafinan, abu yakan fashe a fuskar Tom, hayaƙi ya washe, sai ga fuska baƙa ƙirin da manyan leɓɓa, irin kwalliyar da Turawa ke shafawa su hau dandamali suna kwaikwayon baƙi. A His Mouse Friday na 1951 har tsibirin baƙaƙe masu cin naman mutane aka kai mu. Mu kuma, 'ya'yan baƙar fata, muna kan tabarma muna riƙe ciki.

Ba na zargin yaran da muke. Ba mu san tarihin da ke bayan zanen ba, kuma dariyarmu tsarkakakkiya ce. Akwai ma masu kare matar da hujjar da ba za a watsar ba: ita ce mai iko a gidan, maganarta ce doka, kuma a Saturday Evening Puss na 1950 ta caɓa ado ta fita shaƙatawa kamar mai gida, ba 'yar aiki ba. Gaskiya ne. Sai dai a wannan fim ɗin ne aka fi tuna an ga fuskarta, ita ma cikin ƙiftawar ido, tana sheƙo gudu. Shekara goma sha biyu tana cikin labarin, masu zanen ba su ga ya dace ta kalle mu ido da ido ba.

Magadan finafinan sun gwada dabaru. Cikin shekarun 1960 an sake zana wasu wurare aka sa Baturiya a madadinta, daga baya aka sauya mata murya, aka datse wasu fitowar. A ganina wannan aikin kewa ne da almakashi: ana gyara jiya don ta yi daidai da yadda muke son tuna ta, a kuma share aikin Lillian Randolph tare da laifin waɗanda suka rubuta mata. Na fi ganin mutuncin abin da aka yi a wasu faya-fayan DVD, inda Whoopi Goldberg ta fito tun farko ta gargaɗi mai kallo game da ƙabilancin da ke ciki, aka bar fim ɗin yadda yake.

Kwanan baya na kunna wa ɗan yayata Puss Gets the Boot a waya. Ya yi dariya a daidai wuraren da muka yi. Da matar ta shigo da tsintsiyarta, sai ya karkata wayar sama, ya leƙa, ya ce, "Kawu, ina kanta?" Na karɓi wayar na tsayar da fim ɗin.